Rabon Maƙwabta

Ƙamshin citta da tafarnuwa, in ya gamu da fatar kaza ta fara yin ja, ko ina nike sai in tsaya cik. Kada ka yi man dariya, kai mai karatu. Ƙato da gemu, hanci na sa shi hawaye.

Ƙauyenmu na can gefen Turba. Kakata ba ta suyar kaza. Cewa take man suya mafakar ragwayen mata ne. In rani ya yi, lambunan fadama sunka cika, sai ta sa a yanka zakara, ta murje shi da kayan yaji, ta sa cikin tukunyar ƙasa, ta kife kasko bisa, ta liƙe bakin da laka, ta binne cikin rushin karan dawa. Ni ake aike lambu in tsinko salak da tumatir da albasa. Rabin tumatirin cikin cikina yake isowa gida. Ta yanka sauran, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli, ta matsa lemun tsami. In anka fasa lakar nan, na rantse har Maraɗi ake jin ƙamshin, karnukan garin Kurawa su kwana suna atishawa.

"Mijin banza," take ce man, "ko ƙafar kaza ba ka taɓa sawo man ba."

"Tsohuwa, fidda sabbin haƙora tukuna."

Bara 'yan bindiga sunka tada garin. Na ɗauko ta zuwa gidan hayata a Sakkwato, daga ita sai zane biyu. Tun da ta zo ta bar ci. Tuwo ta kau da kai, kunu ta kurɓa sau ɗaya. Likita ya ce jininta ya hau, a bar mai, a rage gishiri, amma in ba ta ci ba babu maganin da za ya riƙe ta.

Sai na sawo kaza, na gasa a murhun gas na matata, ba ɗigon mai, na haɗa kwaɗon salak. Tsohuwa ta tashi zaune da kanta. Ta wanke hannu, ta ce a kawo kwanoni.

"Cinya ta matar liman ce. Ƙirji na mai jegon bayan danga. Fiffike na Bafillatanar da ke kawo muna nono. Tashi ka kai."

Can garinmu ba a cin gasasshiyar kaza sai an miƙa rabon maƙwabta bisa danga, don wanda ya sha ƙamshi yana da haƙƙi. To matar liman tana Nijar gudun hijira. Rugar Fulanin ta tashi. Mai jego kuwa, tun ranar da anka tada garin ba wanda ya sake ganin ta.

Na kwashi kwanoni na fita. Maƙwabcina na nan ko sunanshi ban sani ba, katangarshi har da kwalabe. Na juye wa masu Keke Napep na bakin titi, na dawo.

"Mi matar liman ta ce?"

"Ta ce gishiri ya yi kaɗan."

Ta yi dariya har da tari. "Ita ce! Ba ta taɓa yaba girkin kowa ba." Ta ja sauran kazar, ta ci, ta haɗa da salak.

Yanzu duk Jumma'a haka nike yi. Ni da na tashi ina zuba ƙarya don a yi dariya, yau ita nike ciyar da tsohuwa da ita. Na haifar wa mai jego ɗa na biyu, na aurar da ɗiyar Bafillatana. Wannan Jumma'ar, ina ɗaukar kwanoni, ta riƙe man hannu, ba ta dube ni ba.

"Ka gaishe su," ta ce. "Waɗanda ke da rai."