Bangon Shagonka Ba Shuɗi Ba Ne, Yaya

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, aka bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk layinsu ke kira Mai Hoto. Na Allah ne mu, kuma gare Shi komawarmu take. Yaya, ce mini aka yi ɗan zazzaɓi ne ya kwantar da kai. Bakina ya ce to, amma wallahi Yaya, zuciyata ba ta karɓa ba.

Ai kai ka koya mini rashin yarda da abin da ido ya gani. Sa'ad da nake zama a shagonka kafin in yi aure, kakan ce kyamara maƙaryaciya ce: ƙwan lantarki yana sa fuska ta yi rawaya, inuwa kuma ta mayar da ita shuɗiya. Sai ka buɗe hoton a kwamfuta, ka nemi abin da ka tabbata fari ne, wuyan riga ko bango, ka danna a kansa, sauran launuka su dawo hayyacinsu. Na tuna wata amarya da ta shigo tana kuka, wani ya ɗauke ta ta fito kamar an shafe ta da kurkum. Ka ajiye aikinka ka gyara mata hotunan kaf, har ta fita tana dariya. Mata sun sha roƙonka ka ƙara musu haske, ka ce kai fari kake daidaitawa, ba halittar Allah ba.

Tun da Inna ta dawo wurina da zama, nesa da kai, ba ka fasa turo mata hotonka duk wata ba. A 'yan watannin nan sai na lura bangon da ke bayanka ya soma yin shuɗi-shuɗi, bangon da na san fari ne fat. Na tambaye ka, ka ce, "Sabon ƙwai na sa. Ke kin cika bin diddigi." Na ce mu yi kiran bidiyo, ka ce wayarka ta lalace.

Bayan mun dawo daga zaman makoki na buɗe hotonka na ƙarshe, na danna a kan bangon kamar yadda ka koya mini. Bango ya koma fari. Idanunka kuwa suka fito rawaya, rawayar shawara wadda ta daɗe a jiki. Ashe janye launin kake yi zuwa shuɗi don kada Inna ta gani. Haba Yaya! Da ka faɗa, ai da ko a kafaɗa na kawo maka ita ta gan ka.

Kuma ba kai ka ɗauki kanka ba, hannayenka biyu suna kan gwiwa. To wa ya riƙe kyamarar? Matarka ta ce ita ba ta lura da komai ba. Maƙwabcinka mai gyaran waya ya sunkuyar da kai da na tambaye shi. Kawu ya ce in bar tone-tone. Duk su ukun magana ɗaya suke maimaita mini, "ɗan zazzaɓi ne," kamar an biya musu karatu. Raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Jiya Inna ta ce in sa a wanke mata hoton nan babba, ta rataye a ɗakinta, wai ko ba komai ɗanta bai sha jinya ba. Guda biyu ne yanzu a kwamfutata. Naka zan kai a wanke, Yaya, wanda ka gyara.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ciwon da ka ɓoye ya zame maka kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da yaranka, da Kawu, da duk wanda ya riƙe kyamarar nan ya kuma riƙe bakinsa. Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuma Ya ba ni ikon yin shiru a gaban Inna. Amin.