Ɗanyen Hoton Inna

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta son hoto. Ko biki ake a gidanmu na unguwar Boukoki a Yamai, da ta hango mai kamara sai ta ja mayafi ta faɗa madafi, wai tukunya na kiranta. Hotonta na katin ɗan ƙasa kuwa, ita kanta in ta gani dariya take, ta ce wannan kamar matar da aka kama da akuyar maƙwabta. Don haka hoton kirki ɗaya tak muke da shi nata, wanda aka ɗauka ranar sunan ɗiyata. Tana zaune a inuwar bedin tsakar gida, jaririyar a cinyarta, ta shagala da tsokanarta wai ta kwaso hancin dangin uba, mai hoto ya ɗauka ba ta sani ba. Ya juyo mini bayan kamarar, na ga Inna sak. Baƙa ce mai sheƙi, irin baƙin da in ta shafa man kaɗe yake ɗaukar ido, ga tsagar kumatunta raɗau.

Ba ta ga yayen yarinyar ba, Allah ya karɓi abinsa. Tun ranar na san cewa da wannan hoton kaɗai ɗiyata za ta san fuskar kakarta.

Da zaman makoki ya watse, dangi na Maraɗi suka ce kowane gida yana son hoton. Yayana, babban wanmu, ma'aikaci ne mai son a ga ya yi abu da girma, shi ya ɗauki nauyin zuwa wurin mai hoton a wanko. Bayan kwanaki ya turo mini nawa cikin katon firam, an naɗe da takarda. Na yi bisimilla na buɗe. Wata hajiya na gani fara sol, da mayafin Inna, da zoben Inna, riƙe da ɗiyata. Tsagar kumatu ta dushe kamar an goge da soso. Matar da ta ƙare rayuwarta tana yi wa masu shafe-shafen man ƙara hasken fata faɗa, ita aka mayar haka bayan ba ta da bakin magana. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na kira shi a waya. Na ce, "Yaya, wace ce wannan ka aiko mini?"

Ya ce, "Mi kike nufi? Inna ce mana. Ba ki ga ta yi kyau ba?"

Na ce, "Da can mummuna ce?"

Ya ce in ji tsoron Allah, mamaci addu'a yake so, ba gardamar kala ba, kuma shi ya riga ya ba direban motar Maraɗi sauran. Babban wa magajin uba, ba a ja da shi, sai na haɗiye sauran maganar. Amma washegari da sassafe na tari taksi sai unguwar Kalley.

Shagon mai hoton yana wani lungu kusa da babbar kasuwa, tsakanin mai gyaran waya da wani tela. Ya tarbe ni da fofo, gaisuwar Zabarmawa, da ta'aziyya, ni ko ko zama ban yi ba. Na ce ba kwalliyarsa na zo nema ba, asalin hoton nake so, yadda ya fito daga kamara, wanda hannun kowa bai taɓa ba. Ya ce akwai, ɗanyen yana nan. Ya zuba mini a ɗan makullin nan na ajiya da muke kira kile, na fito ina jin na ƙwato uwata.

A biro, wato ofishinmu, na soka kile a ordinata, kwamfutar aikina, na danna. Wallahi Inna ta fito, ita ɗin, da sheƙinta da tsagarta. Kafin in sauke numfashi sai hoton ya ƙifta, ya sake. Fuskar ta koma toka-toka, mayafin ya koɗe, ganyen bedi kamar an yi masa ruwan ƙasa. Na rufe na sake buɗewa, haka dai: ta leƙo, ta ɓace. Na yi ta yi kamar mahaukaciya, har abokiyar aikina ta tambaya ko lafiya. Da yamma na gwada a ordinatar maigidana, can kuma ja ta fito, kamar an shafe ta da jan ƙasa. Hoto ɗaya, kile ɗaya, mata uku, kuma babu uwata a cikinsu sai wadda ke leƙowa ta gudu.

Na koma Kalley da faɗana a baki. Na ce ya cuce ni, ya ba ni lalatacce. Ya rantse ba haka ba ne. Ya ce, "Madam, ɗanyen hoto ba hoto ba ne tukuna. Kamar garin gero ne. Ki ba mata uku, wannan ta yi tuwo, wannan ta dama kunu, waccan ta yi fura. Kamara haske kawai take aunawa ta ajiye, kowane lojisiyel kuma, wato manhajar buɗe hoto, shina dafawa yadda masu shi suka koya mai."

Na ce, to wadda ke leƙowa fa? Ya ce wannan girkin kamarar ne da kanta, ɗan ƙaramin hoto da take cusawa cikin ɗanyen don a gani a bayanta. Ordinata takan nuna shi kafin ta gama nata lissafin, da ta gama sai ta ture shi ta sa nata. Ita ba ta san sirrin kamarar ba, masu ƙera kamara ba sa ba kowa, sai dai ta yi kirdado. Ƙaramin kuma in aka ja shi ya kai girman firam, fashewa zai yi.

Wato wasu mutane a wata ƙasa, waɗanda ba su taɓa ganin baƙar mace a inuwar bedi da hantsi ba, su suka zauna suka yanke yadda fata ta kamata ta fito. Wannan ya ba ni haushi, amma bai kai na gaba ba. Na ce, duk na ji, to farar hajiyar fa, wace na'ura ce ta dafa ta?

Nan ya sosa ƙeya. Ya ce shi ya saita tasa tun da daɗewa, duk hoton da ya shiga, fuska na ƙara haske da kanta, ko bai taɓa komai ba. "Madam, in na ba mace hotonta da kalarta, sai ta ce na ƙona ta. Duk Yamai haka ake aiki. Yayanki ma da ya gani cewa ya yi in ƙara kaɗan."

Na ce, "Inna ta ce maka ka ƙona ta?" Ya mayar da idonsa kan allo. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma ba wanda ya ga abin kunya a ciki sai ni.

Na ja kujera na zauna. Muka sa ɗan ƙaramin a gefe, mai hoton yana jan wasu layuka a allo ina cewa rage, ƙara, a'a ya yi ja, mayar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai da aka kira azahar tsagar ta dawo, sheƙin ya dawo, na ce tsaya nan. Na yi kuka a shagon mutane, ban ji kunya ba. Ya wanko mini, na kai gida na rataye a ɗakina.

Sai dai ihu ne bayan hari. Farar ta riga ta shiga kowane falo daga Boukoki har Maraɗi, tana cikin wayar kowa, ita ake turawa duk shekara da addu'a a ƙasa. Na aika tawa, aka ce Allah sarki, wannan ta yi duhu, ba a ganin ta sosai. A gidan Yaya, inda ɗiyata ke wuni in na tafi aiki, farar ce a saman talabijin, ita ake nuna mata ana cewa ga Kaka.

Bana yarinyar ta shiga lakwal, makarantar boko. Ranar nan ina yi mata kitso a ɗakina, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon bango. Ta ce, "Mama, wace ce wannan ta ɗauke ni?"

Na ce, "Kakarki ce, Inna."

Ta ce, "A'a. Kaka fara ce, na gan ta gidan Kawu." Ta shiga juya bayan hannunta, baƙi mai sheƙi, wanda na shafa wa man kaɗe da safe. Sannan ta ce, "Ƴan ajinmu sun ce na cika baƙi. Mama, ni wa na biyo?"