Kabewar Baba a Wayar Mai Nama

Shekarar da hawan jini ya kama Baba, ina koyarwa a lakol ɗin Gazawa. Ni na raka shi asibiti. Likitar, wata mata mai fara'a, ta ce a rage masa mai da gishiri, a kuma riƙa gasa masa kabewa.

Ran kasuwa na je Gangara na samo irin mai dogon wuyan nan, mai launin ƙasa. Inna ta juya ta a hannu ta miƙo mini.

"Kabewa a miya take zama," ta ce. "Ban taɓa gasa ta ba, kuma ba a murhuna za a fara ba."

Sai na ɗauke ta na nufi tasha, wurin mai gasa nama. Ya saurare ni har na gama, sannan ya dubi hagu da dama.

"Malam, in aka gan ta a wayar gashina, me zan ce wa mutane?"

Na lallashe shi. Ya fere ta, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya shafa ɗan man gyaɗa, ya barbaɗa yaji, ya jera a can ƙarshen waya, nesa da nama. Kafin la'asar gefenta ya yi ja, ta fara ƙamshi.

Wani direban Maraɗi ya tsaya ya nuna ta da makulli. "Wannan wane nama ne?"

Mai nama ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "Na ƙetare ne."

Direba ya ɗanɗana, ya ce ai ya sani, ya taɓa cin irinsa a Daura. Mutane suka fara taruwa. Wani dattijon Bafillace da ya kawo raguna kasuwa ya karɓi yanka ɗaya, ya daɗe yana taunawa.

"Dabbar nan ba ta taɓa tafiya ba," ya ce. "Ko jijiya babu. Wanda ya kiwata ta ya cuce ta."

Da ƙyar na tsira da rabi, na ƙunshe a takarda na kai gida.

Baba yana zaune a tabarma, kwanon tuwo a gabansa. Ya buɗe ƙunshin ya tambaye ni ko ita ce abincin ko tuwon.

"Tuwon ne abinci, Baba. Ita a gefe ake cin ta."

Ya gyaɗa kai. Ya cinye tuwonsa tas, ya wanke hannu, ya naɗe tabarma, ya ɗauki ƙunshin ya tafi can gefen gida, bayan rumbu. Ya zauna yana fuskantar katanga, ya ci kabewarsa a natse. Na bi shi in yi bayani, ya ɗaga mini hannu, ya ce maganar likita ba a yi mata gyara.

Haka ya riƙa yi kullum. Maƙwabta suka hango shi ta saman katanga, shi kaɗai, ya ba gida baya. Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga dattawan unguwa sun yi sallama, wai sun zo sulhunta shi da Inna. Inna ta shimfiɗa musu tabarma, ta saurari nasiha har ƙarshe, ta ce ta yafe masa.