Mukhtaru Mai Ɗura Harsashi

Mukhtaru ɗan maƙera ne daga ƙasar Zamfara. Ya bar gida da matarsa Ummulkhairi da niyyar aikin hajji, amma hanya ta riƙe su shekara bakwai a Sudan. A Gadarif ya zauna rumfar wani mai gyara wa maharba bindigogi, a nan hannunsa ya saba da bindigar Turawa. A shekarar 1938 suka tsallake teku, suka sauke farali, suka kafa bukka a gangaren dutsen Nakkasa a nan birni mai tsarki, ba su ƙara maganar komawa ba.

A cikin Harami ba a farauta, ko tantabara ba a firgitawa. Saboda haka Mukhtaru ya koma ƙirar wuƙaƙen yanka da liƙin butoci, har aka manta ya san bindiga.

Wata rana da hantsi wani Balaraben daji mai suna Awwad, makiyayi daga duwatsun hanyar Ɗa'if, ya tsugunna a bakin maƙerarsa ya warware wani tsumma. Tsohuwar bindiga ce, irin wadda ake tankwasa mariƙin ƙarfen da ke ƙasanta, ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Mariƙin ya saki, ƙotar ta tsage, harsashinta kuma babu shi a kasuwa. Kwanso tara kawai ya rage masa, duk fanko.

"An ce ka taɓa aikin nan a Sudan, ya Mu'allim," in ji Awwad. "Damisa ta ƙarar mini da awaki. Jiya ɗan raƙumi ta kayar."

Mukhtaru ya juya bindigar, ya leƙa bakinta a hasken rana. Can ya ce, "Tashi tsaye ka ɗora ta a kafaɗa." Awwad gajere ne, ƙotar ta yi masa tsawo. "Shi ya sa kake kuskure. Ka dawo bayan Juma'a biyu."

Ya rage ƙotar, ya ɗaure tsagewar da ɗanyar fatar raƙumi, ta bushe ta kama kamar ƙarfe. Ya ƙera sabon sifirin daga guntun na mota. A kan hancin bindigar ya dasa ɗan farin ƙashi, don ido ya same shi ko a inuwar dutse. Sannan ya sassaƙa mazubin kan harsashi a dutse mai laushi, ya narka dalma ya zuba. 'Yan hulunan gindin kwanso da ke tayar da wuta, wani direba mai suna Isa ne ya samo masa daga Jidda. Albarushi kuwa da ma'aunin wani mai turare ya auna shi, kwanso bayan kwanso, bayan ya kashe wutar maƙera ya hana Ummulkhairi ko hura gawayi a tsakar gida.

Da Awwad ya dawo ya ga awon, sai ya ɓata rai. "Ƙara, ya Mu'allim. Damisa ce, ba zomo ba."

"Bindigar nan ta girme ka," in ji Mukhtaru. "In ka labta wa tsohuwar raƙuma abin da ya fi ƙarfinta, kai za ta fara kayarwa."

Bai yarda a gwada ta a gari ba. Suka yi tafiyar rabin yini a kan jakuna har suka wuce alamun iyakar Harami, Mukhtaru ya kafa fasasshen tulu a kan dutse. Harbi biyu ya yi, ya goge farin ƙashin kaɗan da magagari, Awwad ya karɓa ya tarwatsa tulun a harbin farko.

Bayan wata guda Awwad ya dawo da hannu a naɗe, da fatar damisa da tulun zuma. Ya ce ya tare ta da safe a bakin wani idon ruwa. Harbin farko ya same ta a kafaɗa, ta taso masa. Ya tankwasa mariƙin, harsashi na biyu ya shiga sumul, ta faɗi har farcenta ya yage masa hannu.

"Da bindigar ta cije ko na ƙiftawar ido, da yanzu 'ya'yana marayu ne," ya ce, ya sumbaci goshin Mukhtaru a gaban jama'a. Mukhtaru ya ji kunya har ya rasa inda zai sa idonsa.

Daga nan maharban ragon dutse da masu fama da kuraye suka san hanyar Nakkasa. Duk wanda ya zo, tambaya ɗaya yake fara yi masa: "Me za ka harba?" Wani ya taɓa yin shiru bai amsa ba, ashe rigimar rijiya ce tsakaninsa da ɗan baffansa. Mukhtaru ya naɗe masa bindigarsa, ya ba shi shayi, ya raka shi har gindin dutse.

Shekara goma sha biyar ya yi yana wannan aiki, ba a taɓa jin bindigar da ta fashe a hannun mai ita ba. Da idonsa ya fara hazo, shi da kansa ya daina, ya ce awon albarushi ba ya son wataƙila. Ya rasu a 1957. Ranar jana'izarsa, Hausawan Nakkasa sun yi mamakin yawan baƙin fuskokin da suka sauko daga duwatsu suna rige-rigen ɗaukar makara.