Dogara da Kyamarar Ƙofar Makaranta

Dogara ya dawo Anaca a saman motar albasa, shekara guda bayan yaƙin basasa. Dako ya kama a kasuwar Ose, har ranar da ya ga tirela ta kusa bi ta kan 'yan makaranta a wajen kasuwar Ochanja. Lokacin arzikin mai ya cika titi da motoci, kowane direba gani yake hanyar gadon gidansu ce. Washegari ya ɗaura jan ƙyalle a sanda, ya sayi usur, ya tsaya ƙofar makarantar yana tsallakar da yara.

Shekara arba'in ya yi a wurin. Ya sha zagi da Ibo da Turanci, ya sha feshin ruwan kwata, bai taɓa rasa yaro ko ɗaya ba.

Sai kwamitin iyaye ya sa aka kafa kyamara a kan turke, mai ɗaukar lambar duk motar da ta yi gudu. Direbobin da suka raina tutarsa suka koma wucewa a hankali kamar masu rakiyar gawa. Aka ce masa ƙarshen zangon karatu za a duba ko akwai sauran bukatarsa.

"Baba Dogara," in ji Zuliha mai ƙosai, "ka gaida sabon maigidanka kuwa?"

"Ƙarfen banza! Ya san sunan yaro ɗaya?"

"Bai sani ba, amma shi ake tsoro."

Ran Litinin da sassafe ya ɗauko gora, ya lulluɓe kyamarar da buhun albasa, don a ga wanda ke riƙe da titin. Kafin a kaɗa ƙararrawa labari ya game direbobi. Ya ɗaga tuta, ya busa usur har numfashinsa ya sarƙe. Bas uku suka wuce shi a guje, yara shida na maƙale a tsakiyar titi suna kuka.

Da ƙyar ya tsallako da su. Sannan, a idon jama'a, ya sauke buhun da hannunsa.

Kwamiti bai jira ƙarshen zango ba, ya sallame shi. Har yau Dogara yakan zo da safe ya zauna a bencin Zuliha, ya juya wa turken baya. In ya ji ƙarar birki, sai ya ja tsaki.