Jakin Yamma da Bindigar Ƙusa

A gidanmu na Omdurman, idan an ɗauke wuta bayan magariba, mu yara murna muke yi. Farkon mulkin soja ne, wuta ba ta zama, ga dokar hana fita. Manya su yi ta tsaki, mu kuwa mu ja tabarma tsakar gida, inda kakarmu take hura gawayi za ta dafa gahawa. Habboba muke ce mata, wato kaka da Larabcin garin, kamar sauran yaran unguwa, amma ba ta taɓa yi mana tatsuniya da Larabci ba. Ta ce Larabci na kasuwa ne, tatsuniya kuwa sai da harshen da iyayenta suka taho da shi a ƙafa a hanyar Makka.

Ni take fara tsokana. "Maigidan nan nawa, ko sukari bai kawo mini ba, amma shi ne a gaban wuta." Sai an gama yi mini dariya za ta gyara zama ta ce, "Ga wata ta taso daga nesa." Mu amsa, "Ta ƙaraso mu gan ta."

Wadda muka fi roƙo ita ce ta wa da ƙane masu ɗibar ruwa a bakin Nilu, waɗanda ubansu ya ce kowa ya je ya sayo jaki. Wan ya yi sammako kasuwa, ya ga wani baƙin jaki yana sheƙi, an shafe shi da man riɗi, an ɗaura masa jan tuntu. Bai tambayi komai ba ya saya. Ƙanen bai ma je kasuwa ba. Gindin bishiya ya zauna a hanyar kogi har la'asar sakaliya, yana kallon jakunan da ke dawowa daga aiki. Can ya hango wani mai yagaggen kunne, ɗauke da salkunan ruwa, yana tafiyarsa kamar yanzu ya fito. Ya tambayi mai shi, "Me yake ci?" Aka ce, "Duk abin da ke garin nan." Nan take ya saye shi.

Washegari baƙin jaki ya kai rabin hanya ya kwanta. Ashe sha'ir kaɗai yake ci, kuma babu sha'ir a garin. Wan ya ɗauki salkuna ya kai gida, ya dawo ya ɗauki jakin. A nan Habboba take sa haɓar mayafinta a kunne ta yi kukan jaki, mu yi ta birgima a tabarma, har babanmu da ke ɗaure fuska sai ka ga kafaɗarsa tana rawa. Sai ta nuna ni da muciyar gahawa ta ce, "Yarona, jakin safe kowanne kyakkyawa ne. Ta ƙare, kowa ya nemi gadonsa."

Na girma na zama kafinta a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum. Shekara da shekaru guduma ce abokiyata, har wata shekara da rufin ɗakin Habboba ya lotsa, gara ta cinye katakon, damina kuma ta matso. Ta tsufa sosai, ido ya yi rauni, amma ta rantse ba za ta koma ɗakin kowa ba. Hankalina ya tashi, don na san ruwan farko zai iya saukar mata da rufin a kai. Ni kaɗai da guduma ba zan gama ba, sai na ƙudura sayen bindigar ƙusa, irin mai aiki da iska.

A kasuwar Suk al-Arabi na ga wata ja, sabuwa fil a akwatinta. Mai shago ya ce, "Ya usta, gwanin kafintoci, wannan samfurin ba shi da na biyu." Na riƙe ta, wallahi ta shiga raina. Sai na ji dariya ta taso mini, don jan tuntun nan kawai nake gani. Na ajiye na koma Mantiƙa, wurin wani dattijo mai gyaran kayan aiki, na zauna har masu gini suka fara dawowa. A kwandon matattun bindigogin da ke bayansa, irin jar nan ce ta fi yawa. Ya ce robar cikinta ba a samunta a ƙasar, ƙusarta ma sai an yi sautu daga waje. Muna nan wani magini ya shigo da wata tsohuwa, fenti duk ya goge, an naɗe mariƙinta da roba, mai kawai yake so a ɗiga mata.

Na ce masa, "Me take ci?"

Ya dube ni kamar na zare, sannan ya gane. "Kowace ƙusa ta kasuwar nan."

Irinta na saya. Ranar da na hau rufin, an fitar da Habboba inuwa tana sauraron tas-tas ɗin da ke tashi a sama. Da na sauko ta miƙo hannu, na ɗora mata bindigar a cinya. Ta shafa ta, ta jinjina nauyinta.

"Maigida, da safe ka saye ta ko da yamma?"

"Da yamma, Habboba."

"To, yau ka kawo sukari."

Da ina yaro na ɗauka labarin na wawan wa ne kawai, abin dariya. Yanzu ko almajirin aiki zan ɗauka, ko katako zan zaɓa, sai na ga yadda yake bayan ya sha wuya, da kuma abin da zai ci a garin nan. Ruwan farko na shekarar ya sauka da ƙarfi bayan magariba, aka ɗauke wuta. Muka taru a ɗakinta da 'ya'yana, ko ɗigo bai sauko ba. Ta sa haɓar mayafi a kunne, ni da furfurata a gemu na riga yaran faɗuwa da dariya.