Ranar da Isaka Ya Kashe Moto

Duk wanda ya taɓa ɗaga buhun albasa tsakanin Madawa, Buza da Keita ya san Isaka, amma da wuya ka sami wanda zai rantse ya taɓa ganinsa zaune. Shayi a tsaye yake shansa. Tuwo ma, in ji matarsa Cima, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje yake cinsa. In ya zo wurinka ba ya kashe moto, wato babur ɗinsa. Sai ya dafa ƙasa da ƙafa guda, inji na kuka, ya zazzage maka abin da ya kawo, kafin ka gama ce masa "ina gajiya" ya kai bakin hanya. Siriri ne, shekara hamsin da ƴan kai, da wata hula da rana ta cinye launinta tun ba yau ba.

Shi ne ɗan aiken ƙungiyar masu albasa. Mutum ɗari ne da wani abu, manoma da dillalai da masu kamiyo, manyan motocin kaya, kuma sau ɗaya suke haɗuwa a shekara, a Madawa, bayan an cire albasa. Ranar ce mai iri yake ganin mai lambu, mai ajiya a rudu, rumbun albasa, yake sanin direban da zai kwasar masa, baƙo daga Abijan ya ga fuskar wanda ya shekara yana jin sunansa. Sauran kwanakin shekara kuwa Isaka ne ke riƙe da su. Wane an yi masa haihuwa, wane ya buɗe rumfa a tasha, wane kamiyonsa ya kife amma ya fita lafiya, duk daga bakinsa ake ji.

Ba da ka ya faɗa aikin ba, gadonsa ya yi daga Malam Mahfuzu, wani tsoho da ke zaune a wata tunga bayan Allakaye, cikin duwatsu. Shi ya yi wa ƙungiya wannan yawo shekara ashirin, da raƙumi da farko, daga baya da keke, har idanunsa suka fara hazo. Ranar da ya miƙa wa Isaka aikin, abu guda ya ja masa kunne a kai. Ya ce labarin suna da na biki ya faɗe su ko yana gudu, ba laifi. Amma labarin mutuwa ba a faɗinsa a tsaye. A sauka, a cire takalmi, a zauna ƙasa, a sha ruwan gidan, sannan a buɗe baki. Isaka ya riƙe wannan shekara da shekaru, har mutane suka gane. In ka ji kukan moto a ƙofarka bai tsaya ba, ka ci gaba da alwalarka. In ka ji ya ɗauke, to ka fara salati.

Sai Zaharaddini ya zama sakataren ƙungiya, mai karatun lakwal ne, wato boko, ya buɗe musu gurup a waya. Gaskiya a faɗe ta, Isaka bai yi gardama ba, murna ma ya yi. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, hanyar Buza kuma ba ta tausayin kowa. Yanzu sai ya danna, ya kai waya baki: "Jama'ar albasa, Isaka na, ku kasa kunne." Cikin minti guda mutum ɗari sun ji. Ka ce to, yanzu bawan Allah zai huta? Ina. Da hanya ce ke cinsa, yanzu waya ce. Yana tafiya yana magana, yana cin goro yana magana, ya kewaye tashar albasa sau goma a yini ba abin da ya je ɗauka.

A watan dashe Alhassan na Keita ya rasu. Babban manomi ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, kuma aminin Malam Mahfuzu ne tun suna samari. Labarin ya sami Isaka ana cikin lodi. Ya koma gefen wani kamiyo, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya faɗe shi cikin waya, a tsaye, ya yi wa mamaci addu'a mai kyau. Washegari ya je Keita gaisuwa da ƙafarsa. Gida ya cika maƙil, har ya ji daɗi a ransa yadda saƙo ya isa ko'ina da wuri. Bai tsaya ya duba wanda babu ba.

Wata huɗu suka wuce. Taron shekara ya rage kwana biyu, Isaka na tsaye kan masu kafa rumfa yana ta nuna inda za a jera kujeru, sai ga Lurwanu, babban ɗan marigayi Alhassan, mutum mai iyali da shi ke riƙe da lambun yanzu. Suka gaisa, Lurwanu bai saki fuska ba.

"Kawu Isaka, Inna ta aiko ni."

"Ina jinka," in ji Isaka, idonsa na kan rumfa.

"Mutanen Tawa sun zo muna gaisuwa, na Ƙwanni sun zo, har wani daga Agadas. Malam Mahfuzu, da sunka yi shekara arba'in suna ci akushi guda da Baba, ko aike bai yi ba. Uku ta wuce, bakwai ta wuce, arba'in ta wuce. Inna ta ce ba ta yahe mishi ba. Ta ce in an aje mishi kujera cikin taron ga, a ɗauke tamu."

Nan take Isaka ya tuna. Wayar Malam Mahfuzu ƴar ƙarama ce mai maɓallai, ɗansa ya aiko masa daga ci-rani, kuma a tungar nan sai ka hau dutse kafin ta kama. Ba gurup, ba komai. Maƙwabtansa manoman gero ne, ba wanda ya san wani Alhassan na Keita. Shi Isaka rabonsa da tungar tun kafin damina. Tsohon bai ƙi zuwa ba, bai ji ba ne, kuma mutum guda ne a duniya da aikinsa ne ya gaya masa.

Ka san abin da ya fito daga bakinsa? Cewa ya yi, "Tsuhwa ta, Lurwanu. Ku yi haƙuri da shi." Ya faɗi haka, ya juya yana yi wa mai ɗaura igiya faɗa. Abin kunya ne, kuma ya san abin kunya ne tun maganar ba ta gama fita ba.

Yinin nan bai yi wa kowa amfani ba. Ya sa aka jera kujeru, ya sa aka kwashe, aka sake jerawa yadda suke da farko. Ya je kasuwa sayen goron taro ya dawo ba goro. Ransa na ta kawo masa hanyoyin tsira: tsohon ya daina zuwa taro, ba mai tambaya, in aka yi shiru maganar za ta mutu da kanta. Sai kuma ya tuna cewa abin da zai mutu da kansa ɗin sunan Malam Mahfuzu ne a gidan amininsa. Da ya koma gida da la'asar ya shiga ya fita sau uku, Cima ta dube shi ta ce, "Yau ko tsayuwar ma ta gagare ka. Wa ka cuta?"

Da sassafe washegari ya bar Zaharaddini da rumfarsa, ya sha esansi, wato fetur, ya ɗauki hanyar Buza. Zafin bazara ya riga ya sauka. Ya wuce lambuna an cire albasa an shanya, ya wuce rudu-rudu cike, mutane na ɗaga masa hannu yana wucewa kamar bai gansu ba. Waya na ta ruri a aljihu. Sau biyu ya rage gudu da niyyar juyawa. Bayan Allakaye hanya ta ƙare, sai tsakuwa da kwazazzabai, moto na tsalle yana tsalle.

Malam Mahfuzu na zaune a inuwar zaurensa kan buzu. Tun daga nesa ya gane kukan injin, fuskarsa ta washe. "Ɗan gudun ga, ashe kana raye," ya ce da ƙarfi don ya rinjayi moton. "Kada ka wuce, dakanta. Akwai irin albasa da na ɗebe ma Alhassan, na bana ya yi kyau ƙwarai. Kullum shina cewa nashi ya hi nawa, bari shi gani."

Isaka ya kai hannu ya murɗa makulli. Inji ya ɗauke.

Tsohon ya kasa kunne. Idanunsa ba sa gani sosai, amma kunnensa garau yake. Ya ji an jingine moto, ya ji takalmi ɗaya ya faɗi, ya ji na biyu, ya ji mutum ya zauna ƙasa gabansa. Ya laluba ya tura masa kwanon ruwa. Isaka ya sha.

"Wa?" in ji Malam Mahfuzu.

"Alhassan na, Baba."

Tsohon ya yi salati a hankali, ya maimaita. Sannan ya ce, "Jiya ko yau? In munka tashi yanzu muna iske jana'iza?"

Nan ne Isaka ya so ƙasa ta tsage. Ya ce, "Wata huɗu ke nan, Baba. Tun dashe. Cikin waya na hwaɗe shi, a tsaye. Kowa ya ji, kai ɗai ba ka ji ba. Gidan nashi suna ganin ƙin zuwa ka yi. Jiya ɗanshi ya yi mini magana, ni kuma na ce mishi tsuhwa ta hana ka."

Ya jira zagi, ya ma fi son zagin. Malam Mahfuzu bai zage shi ba. Hawaye ne kawai suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba. Can ya ce, "Wata huɗu ina ta yi mishi addu'ar masu rai." Ya ɗaga murya ya kira cikin gida a miƙo masa babbar riga da rawani, da ƙunshin irin nan.

"Baba, Keita da nisa, ga rana. Bari in nemo mota gobe."

"Gobe ta nawa? Tada moto."

Haka suka tafi, tsoho ɗan kusan tamanin a bayan moto, hannu ɗaya ya riƙe kafaɗar Isaka, ɗaya ya rungume ƙunshi. Isaka da bai taɓa sanin tafiya a hankali ba, ranar nan jaki ma sai da ya kusa wuce su. Sai bayan azahar suka hango Keita.

Lurwanu ya dawo gida tun jiya, bai koma Madawa ba tukuna, yana ƙofar gida da ƴan'uwansa. Da ya ga wanda ke sauka, ya miƙe ya haɗe rai. Isaka bai bari kowa ya riga shi ba. Ya tsaya bakin zaure, ya ɗaga muryar nan da mutum ɗari suka sani, don ta isa har cikin gida.

"Inna Fatsima, Isaka na. Malam Mahfuzu bai ji rasuwar ba sai yau da hantsi, daga bakina. Ni na hana shi zuwa, ba tsuhwa ba. Abin da na gaya ma Lurwanu jiya ƙarya ce. In akwai wanda ba a yahe ma ba, ni na."

Jim kaɗan sai ga Fatsima, matar marigayin, ta fito da tabarma a hannu. Ba ta ko kalli Isaka ba. Ta shimfiɗa ta a zaure, daidai inda aka yi zaman makoki, ta koma gefe ta durƙusa. Malam Mahfuzu ya laluba ya zauna, ya ajiye ƙunshin gabanta.

"Ina haƙuri, Fatsima? Ga irin da na aje mishi. A shuka."

Ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya ƙwace mata, irin na ranar farko. Lurwanu ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Aka yi addu'a, aka kawo fura, tsohon ya yi ta ba su labarin ubansu tun lokacin da su biyu suke kai albasa kasuwa a kan jaki. Isaka na rakuɓe a bakin ƙofa, waya ta yi ruri har ta gaji, bai taɓa ta ba. Da za su tashi, Lurwanu ya ce a ajiye kujerar Malam kusa da tasu gobe.

Bayan la'asar suka fito. Isaka ya taimaki tsohon ya hau, ya tada moto, ransa ya ɗan yi sanyi, har ƙafarsa ta fara ƙaiƙayin hanya. Sai ya ji hannun nan ya matse masa kafaɗa.

"Isaka, tun ba mu kai taro ba in tambayi lahiyar wani in ji kunya. Su wa kuma sunka rasu ban ji ba?"

Inji na kuka a ƙarƙashinsu. Su biyu ne, ɗaya a Karofane, ɗaya a Galma, kuma duk tsohon ya san su tun suna goye. Ya kashe moton. Ya sauko da Malam Mahfuzu, ya roƙi Lurwanu ruwa, ya cire takalmansa ya zauna ƙasa.